Kwalbar da Osman Ya Ɓoye a Bayan Firij

Idan ka taɓa sauka a filin jirgin sama na Madina da tsoho ko tsohuwa a hannunka, da wuya ba ka ga Osman ba, ko da ba ka riƙe fuskarsa ba. Shi ne dogon nan siriri mai furfura a gemu, wanda yake tsayawa a bakin ƙofar jirgi da keken tura marasa ƙarfi, ya sunkuya ya gyara wa tsohuwa ƙafa kamar ita ta haife shi. Ya haura shekara ashirin a wannan aiki. Ya tura Turkawa, ya tura mutanen Indonesiya, ya tura Kanawa masu yi masa ƙorafi da Hausa suna zaton ba ya ji. Ba ya tanka musu sai an isa bakin mota, sannan ya ce, "Allah ya karɓi ibada, Alhaji," ya bar mutum da baki buɗe.

A Mai Wurno aka haife shi, a bakin kogi cikin ƙasar Sudan. Kakanninsa sun baro ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar hajji, guzuri ya ƙare musu a hanya, suka tsaya su yi noma kafin su ci gaba, noman nan kuwa ya cinye su har da 'ya'yansu. Osman ne na farko a gidansu da ya iso Madina. Tun ranar da ya taka garin, burinsa ɗaya ne, bai kuma taɓa ɓoye shi ba: ya tsufa a Madina, ya mutu a Madina, a ɗauke shi a kafaɗa zuwa maƙabartar Baƙi'a. To amma shi ba ɗan ƙasa ba ne. Zamansa yana rataye da iƙama, takardar izinin zama da kamfaninsu yake sabunta masa shekara-shekara, kuma ya ga mutanen da magana ɗaya ta sa aka buga musu fita ta har abada.

Shi ya sa Osman ya zama matsoraci, a faɗi gaskiya. Ba ya gardama da kowa. Ko alƙalami ya tsinta a ƙasa sai ya kai wa shugaban aikinsu. Matarsa Halimatu takan ce da za a ba shi dama, da sai ya nemi izini kafin ya yi atishawa. Yakan yi murmushi kawai, don a ganinsa wanda ya samu Madina bai kamata ya yi wasa da ita ba.

Abin ya faro ne wata safiya a lokacin sanyi, masu umara suna ta sauka. Aka ba shi wata 'yar tsohuwa fara, mai haƙoran zinare, daga ɗaya daga cikin ƙasashen nan masu duwatsu da ƙanƙara. Suna fitowa waje ta ga sararin Madina, sai ta fashe da kuka. Osman ya rage sauri, ya kama salati, ita ma ta kama, suka tafi a haka har bakin motarsu. Nan ta sa ɗanta ya buɗe wata jaka, ta zaro wani abu nannaɗe da tawul ta danna wa Osman a ƙirji. Ya girgiza kai, ya ja da baya. Ta riƙe masa hannu gam, ta nuna ƙirjinta, ta dunƙule hannuwa tana murɗawa kamar mai matse wanki, tana ta magana da harshen da ko kalma ɗaya bai kama ba. Mota na jira, mutane na kallo. Ya karɓa ya tura cikin jakar abincinsa, a zuciyarsa yana cewa zuma ce ko man zaitun.

Sai da ya koma gida, a unguwar Harra ta Yamma, ya warware tawul ɗin a gaban Halimatu. Koriyar kwalba ce mai dogon wuya, babu takarda a jikinta, babu rubutu. Maimakon murfi, an cusa mata matoshi na ɓawon itace har ya nutse daidai da bakinta, aka shafe da jan kaki. Ya ɗaga ta wajen taga. Abin da ke ciki ja ne wur, garau, yana kai-komo kamar ruwa.

Halimatu ta daɗe tana kallo, sannan ta kira shi da alkunyarsa ta sunan 'yarsu, ta ce, "Abu Hiba, wannan ai irin kwalbar nan ce da ake nunawa a fim."

Osman ya zauna a ƙasa.

"Ba giya ba ce," in ji shi. "Mata ce mai kuka don ta ga garin Manzo. Yaya za ta ɗauko giya?"

"To sai mu buɗe mu gani."

"In kuma ita ce fa? Kin san ƙasashen nan, wasunsu ba su da malamai. Wataƙila a wurinta magani ne."

"To ka jefar."

"A ina? Ga kamara a bakin titi. In mai shara ya ɗaga ta fashe, za a tambayi daga wane gida ta fito. In kuma halal ce, na zubar da kyautar baƙuwar Manzon Allah a bola ke nan."

Haka ya ɗaure kansa ta ko'ina. Ya ƙi jefarwa, ya ƙi mayarwa wurin aiki don kada a tambaye shi dalilin karɓa, ya ƙi fasa mata wuya a banɗaki kamar yadda Halimatu ta ba shi shawara, wai wari zai bi bututu ya hau sama. Wanda yake zaune a saman kuwa shi ne Ammu Abdussamad, wato Baffa Abdussamad, mai gidan. Dattijo ne haifaffen Madina, jikan Hausawa, ɗan ƙasa da takardunsa, kuma shi ya yi wa Osman hanya a kamfanin tun yana aiki a can. Har yanzu in lokacin sabunta iƙama ya zo, kalmarsa ce take sa a ci gaba da riƙe Osman duk da furfurarsa. Mutum ne mai kirki, amma a kan abin da ya shafi addini ba ya da sassauci ko na ƙwayar zarra.

Osman ya zagaya ɗakunan yana neman inda hannu ba ya kaiwa. Ƙarshe ya ja firij, ya tsayar da kwalbar a lungun bayanta, can ƙasa inda injin yake huro ɗumi dare da rana, ya mayar da firij ɗin. Ya ce zuwa jibi zai san abin yi.

Jibi ta wuce, makonni suka bi ta. Sanyi ya tafi, gari ya fara ɗumi. Kwalba tana bayan firij, amma a zahiri a cikin ƙirjin Osman take. Yana tura keke sai ya ga jami'i ya doso shi, sai ya ɗauka shi aka zo kamawa, alhali mutumin wucewa zai yi. In waya ta yi ƙara a aljihunsa, sai ya ɗauka Halimatu ce za ta ce an zo bincike. Baƙo ya zo gidan, ba ya barin kowa ya shiga ɗakin girki ko da shan ruwa ne. Da 'yarsu Hibatullah ta zo wuni daga gidan mijinta, ta miƙe za ta ɗauko wa kanta ruwan sanyi, tsalle ya yi ya riga ta, har ta tambayi uwarta da Larabci ko Baba lafiya. Abinci ya daina shiga. Wandon aikinsa ya fara zamewa.

Ya yi ƙoƙarin buɗewa, ba a ce bai yi ba. Wata rana ya sa wuƙa ya kankare kakin, ya soka tsininta a gefen matoshin, sai ɓawon ya fara marmashewa, ya tsorata ya mayar. Wata ranar kuma ya tafi wani babban kanti a Khalidiyya, nesa da unguwarsu, yana neman murɗaɗɗen ƙarfen nan da ya ga ana zare irin wannan matoshi da shi a talabijin. Ya bi layin kayan girki ya dawo, ya ga na buɗe gwangwani, ya ga na ɓare kwalbar lemo, bai ga nasa ba. Wani ma'aikaci ya matso ya tambaye shi me yake nema. Osman ya buɗe baki, sai ya tuna cewa abin ko sunansa bai sani ba, kuma in ya kwatanta da hannu ya gama tona wa kansa asiri. Ya ɗauki matatar shayi ya fito, gumi na bin bayansa.

Halimatu ce ta fara ganin abin ya canja. Tana shara ta leƙa lungun, ta kira shi.

"Zo ka gani. Toshin nan ya taso da kansa. Kuma dubi gindinta, wata laka ta kwanta. Ranar da ka kawo ta ai garau take."

Ya duba, haka ne. Ya ce ko ta halin ƙaƙa yau sai ya buɗe.

"In ka buɗe, sai me?" in ji ta. "Ka san warin giya ne? Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ji ba. Kai ka taɓa?"

Osman ya dubi kwalbar. Duk tsawon wannan wahala bai taɓa kawo wannan a ransa ba. Ko da kwalbar ta buɗe kanta ta zauna a gabansu, shi da matarsa ba za su iya cewa ga abin da ke ciki ba, kuma ɗanɗanawa ba ta taso ba.

Mutum ɗaya ya sani a duk Madina wanda zai iya ganewa. Badaru mutumin Chadi ne, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, abokinsa tun suna gwagware a ɗaki ɗaya. Sau ɗaya tak, yana kwance da zazzaɓi yana zaton mutuwa zai yi, ya gaya wa Osman cewa a ƙuruciyarsa ya yi aikin kai abinci da abin sha a wani otal a Njamena, ya buɗe kwalabe ba adadi. Da ya warke bai sake tayar da zancen ba. Yanzu shi ne mai sahun gaba a masallacin unguwarsu, 'ya'yansa ma ba su san wannan labari ba.

Osman ya same shi a shagonsa, ya gaishe shi, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya yi zancen zafi, ya yi zancen tsadar dabino. Sai da Badaru ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Ya akhi, faɗi abin da ya kawo ka," sannan Osman ya sunkuyar da kai ya faɗa.

Badaru ya ɗago ya dube shi.

"Wato da ka zauna ka duba Madina kaf, ni ka ga na dace da wannan."

"Ka yafe mini. Wallahi ba ni da kowa."

"Abin da na gaya maka ina ganin kabari, shi ka adana." Badaru ya share hannu da tsumma. "Khalas, ya wuce. Yaushe ba ka da duwam, ba ka zuwa aiki?"

Ranar hutun Osman, bayan azahar, Badaru ya zo da jakar kayan aikinsa, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa kusa da na Osman kamar yadda aka saba, ya shiga. Sun zaɓi wannan lokaci ne don unguwa tana barcin rana, kuma suna so su gama kafin la'asar. Duk ranar da Osman yake gida, Ammu Abdussamad yakan sauko da sandarsa ya ƙwanƙwasa masa ƙofa su tafi masallaci tare.

Osman ya ja firij, ya fito da kwalbar. Badaru ya taɓa ta ya ji ɗumi, ya dubi lungun, ya dubi abokinsa.

"Nan ka ajiye ta? A bayan tallaja, a ɗumin injin firij? Tun yaushe?"

"Tun cikin sanyi."

Badaru ya buɗe jakar kayan aikinsa. Ya zaro doguwar ƙusa mai murɗi, ya kafa ta a tsakiyar matoshin, ya sa sukuddireba yana juyawa a hankali har ta shige, ya bar kanta a waje. Ya ce wa Osman ya riƙe kwalbar da kyau a cikin wurin wanke-wanke, ya kawar da fuska. Osman ya riƙe, amma bai kawar ba, yana sanye da farar jallabiyarsa ta zuwa masallaci. Badaru ya kama kan ƙusar da filaya, ya ɗan motsa ta.

Bai ma kai ga ja ba. Matoshin ya fita da ƙara kamar an harba bindiga, ya bugi rufin ɗaki, jan kumfa ya biyo shi. Ya wanke wa Osman fuska da gemu, ya sauka a ƙirjin jallabiyar, ya fantsama a bango da labule. Halimatu, da take tsaye a bakin ƙofa, ta dafe kai tana salati. Wani wari mai tsami da zaƙi-zaƙi ya cika ɗakin, irin na 'ya'yan itacen da suka kwana a buhu.

Badaru ya share ido, ya kai bakin kwalbar kusa da hancinsa, ya janye da sauri.

"Mece ce?" in ji Osman.

"Yanzu dai giya ce."

"Yanzu?"

"Wadda aka gama haɗawa ba ta tafasa a cikin kwalba haka, ba ta tura toshi. Wannan tana kan tsimuwa ne, ba ta ma gama ba. Asir ne, ya Osman, ruwan inabi. Tsohuwar nan da hannunta ta matse, shi take nuna maka. Da ka sha a ranar, ko ka sa a cikin tallaja maimakon bayanta, da ba abin da ya faru." Ya ajiye kwalbar. "A gidan nan ta zama giya."

Osman ya tsaya jan ruwa na ɗiga daga gemunsa. Shi da ko alƙalamin wani ba ya riƙewa, shi ne ya dafa giya a garin Manzon Allah, a ɗakin girkinsa, da wutar da yake biya.

Suka kama aiki a gigice. Badaru ya tuntsurar da sauran a magudana ya saki famfo. Halimatu ta ciro labule. Suka rasa yadda za su yi da taga: in an buɗe, wari zai hau sama, in an rufe, zai zauna. Ta kunna turaren wuta, sai hayaƙin ya haɗu da tsamin ya ba da wani abu da ya fi na farko muni. Suna cikin goge bango aka kira la'asar. Ba a jima ba suka ji sanda tana saukowa a matakala, taki ɗaya bayan ɗaya.

Aka ƙwanƙwasa.

"Ya Abu Hiba. As-salah."

Badaru ya matso kusa da kunnen Osman. "Buɗe. Ka nuna masa kwalbar, ka gaya masa yadda aka yi. Ni shaida ne."

Osman ya dubi ƙirjin jallabiyarsa. Ya ga kansa tsaye a gaban dattijon nan, ja sharkaf, yana wari, yana cewa wata tsohuwa ce da bai san sunanta ba, daga ƙasar da bai san sunanta ba. Ya girgiza kai, ya ɗora yatsa a leɓe.

Aka sake ƙwanƙwasawa. "Osman? Kana ciki?"

Babu wanda ya motsa. Famfo kaɗai ke zuba, Halimatu ta miƙa hannu ta rufe, wanda hakan ma ya fi barinsa tona asiri. Sai a lokacin Osman ya tuna da takalma. Nasa da na Badaru suna jere a waje, a gaban ƙafafun dattijon. Ta ƙarƙashin ƙofa yana ganin inuwarsa ba ta gusa ba. Ya ji an ja numfashi mai tsawo ta hanci. Mai yiwuwa tsufa ne da saukowar matakala, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne. Can sandar ta juya, ta nufi ƙofar waje.

Badaru ya tattara kayansa, ya wanke fuska da hannu, ya tafi. Osman ya yi wanka, ya yi la'asar shi kaɗai a ɗaka.

Ba a zo bincike ba. Ba a kira shi ofis ba. Ya yi wa rufin ɗakin girki fenti, Halimatu ta yanka jallabiyar ta yi tsumma da ita. Yana nan yana tura kekensa, sai dai yanzu ko dabino ɗaya aka miƙo masa, hannunsa a baya yake. Ammu Abdussamad yana amsa gaisuwarsa, yana tambayar iyali, bai taɓa ambaton ranar ba. Amma tun daga ranar, in ya sauko da la'asar, wucewa yake yi ta gaban ƙofar bai ƙwanƙwasa ba.

Osman yakan tsaya a bayan ƙofa har sandar ta wuce, sannan ya fito ya bi shi daga nesa. A hanya yakan shirya bayanin tsaf, daga kukan tsohuwar har zuwa bayan firij. Amma kowace rana da ta wuce tana ƙara wa maganar nauyi, don yanzu ba kwalbar kaɗai zai yi bayani ba, har da dalilin da ya sa ya yi shiru mutum yana kiran sunansa.

Ran nan dai ya yi ta maza, ya ɗaga ƙafa ya cim masa a bakin masallaci, dattijon yana ƙoƙarin cire takalmi.

"Ya Ammu," in ji shi. Sai ya juya maganar zuwa gaisuwa. "Kef halak? Ya jiki?"

Ammu Abdussamad ya ɗago ya dube shi, kallo mai tsawo wanda Osman ya kasa karantawa.

"Alhamdu lillah," ya ce. Ya ɗora takalmansa a kan kantar ajiye takalma, sannan ya juyo. "Iƙamarka, yaushe take ƙarewa?"

"Bayan hajji, ya Ammu."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali, ya shiga. Aka tayar da salla. Osman ya tsaya a sahun baya, ya ɗaga hannu ya yi kabbara, har aka yi sallama bai san abin da ya karanta ba.